Jawabi A Kan Yadda Aka Mai Da Majami'un Rasha Sito Da Gidan Kallo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Ƙaraye da Rogo, ku saurari labarin majami'un Nasara na ƙasar Rasha, domin akwai abin lura a cikinsa.

Ku sani 'yan Kwaminis sun karɓi mulkin ƙasan nan a 1917. Ba da rushewa suka fara ba, da takarda suka fara. A 1918 suka yi doka cewa dukkan ɗakunan ibada da kayan cikinsu sun zama na hukuma, masu ibada aro aka ba su. A 1929 suka tsananta, sai mutum 20 baligai sun rubuta sunansu wurin hukuma kafin a bar musu ɗakin. To, wanda ya rubuta sunansa ya nuna kansa. In tsoro ya watsa jama'a, sai a rufe ƙofa, a ce babu mai bukata.

Ga abin da ya biyo baya. Gidan masu zuhudu na Solofki ya zama kurkuku a 1923. A birnin Leningirad, wanda a yau ake kira San Fitasbag, majami'ar Kazan ta zama gidan kallo na koyar da mulhidanci a 1932. Wata kuwa a birnin aka mai da ita rumbun dankali. Babbar majami'ar Masko an tashe ta da nakiya a 1931, daga baya aka yi tafkin wanka a gurbinta.

Kada wani ya ce wannan ta'aziyyar Nasara ce, ba ruwanmu. Dokar ba ta rarrabe ba. Masallacin Leningirad ma an rufe shi a 1940, aka yi sito da shi, sai a 1956 aka mayar wa Musulmi.

Mulkin nan ya faɗi a 1991, aka sake gina majami'ar Masko, aka buɗe ta a 2000. Amma malaman da aka kashe da yaran da suka tashi babu karatu, magina ba su mayar da su.

Saboda haka ku duba masallacinku da makarantarku ta allo. Wa ya mallaki filin? Ina takardar waƙafi, su wa suka shaida? Sahu nawa ake yi da asuba? Ginin da jama'a suka ƙaurace wa, wani zai sama masa aiki.

Allah ya sa mu gane. Wassalamu.