Abin Da Ke Kai Masu Baki Gidan Telebijin Da Aka Shirya Ƙure Su

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin telebijin a teburin mai shayi, ko a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Ikko, ya ga irin hirar nan da ɗan jarida ke titsiye baƙonsa da tambayoyi kamar alƙali da mai laifi. Baƙon kuwa sau da yawa mai sharhi ne da ya yi suna wajen faɗin maganar da ke ta da ƙura, kuma tun kafin ya bar gida ya san ba tabarmar arziki aka shimfiɗa masa ba. To, me ke kai shi? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Dalili na farko shi ne, ba da ɗan jaridar yake magana ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Idonsa na kan mai tambaya, amma kunnuwan mutanen gida yake nema, watau waɗanda ba za su taɓa zuwa taronsa ba. A 1959 wani gidan telebijin a Amurka ya nuna shirin da Mike Wallace da Louis Lomax suka haɗa a kan ƙungiyar baƙar fata ta Nation of Islam, inda aka bayyana ta a matsayin ƙungiyar ƙiyayya. Malcolm X ya yarda aka yi hira da shi. Fararen fata da yawa suka firgita, amma baƙar fata na unguwannin talakawa suka ji mutumin da ke faɗin abin da ke cin ransu. Ƙungiyar ta ƙara mabiya, sunansa kuma ya game duniya, har a 1964 ya zo Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale.

Dalili na biyu, faɗan kansa haja ce ta sayarwa. A watan Janairu na 2018 Jordan Peterson, malamin ilmin halayyar ɗan Adam daga Kanada, ya zauna da Cathy Newman ta gidan telebijin na Channel 4 a Ingila, suka yi kusan rabin sa'a suna kai ruwa rana a kan bambancin albashin maza da mata. Da aka sa hirar a YouTube miliyoyin mutane suka kalla, littafin da ya fitar a wannan wata kuma aka sayar da miliyoyinsa. Gidan telebijin ma bai yi asara ba, domin 'yan kallo yake nema. Kamar dambe ne: ko wa ya sha ƙasa, da mai fili da 'yan damben duk da kasonsu a kuɗin ƙofa.

Dalili na uku shi ne kujerar da ake ba shi. A watan Oktoba na 2009 BBC ta gayyaci Nick Griffin, shugaban jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi, cikin shirinta na muhawara, ya zauna jere da ministan shari'a Jack Straw, mutum wajen miliyan 8 suna kallo. Ya sha suka daga ko'ina, amma ga mutumin da manyan 'yan siyasa suka daɗe suna ƙin haɗa zama da shi, zaman kaɗai riba ce. Bugu da ƙari, da ya ƙi zuwa da an ce tsoro ya ji. Da ya je aka matsa masa kuwa, washegari ya fito yana kukan an yi masa taron dangi.

Sai dai lissafin yakan ɓaci. A babban zaɓen 2010 jam'iyyar Griffin ba ta sami ko kujera ɗaya a majalisa ba. Haka nan a watan Mayu na 2019 Ben Shapiro na Amurka ya gamu da Andrew Neil na BBC, wanda ya riƙa karanta masa maganganunsa na baya. Shapiro ya fusata, ya katse hirar, daga bisani ya amsa da kansa cewa bai shirya ba, an kuwa kā da shi.

Darasin da ke nan ga mazaunin kurmi shi ne: yawanci ba hirar ke zuwa wayar mutum ba, guntunta ne na minti ɗaya, wanda magoya bayan wani ɓangare suka yanko inda gwaninsu ya yi rinjaye. Mai sharhi yakan gama ya shiga motarsa ya tafi, amma mai sayar da albasa a Mile 12 dole ya buɗe rumfarsa da safe cikin maƙwabtan da suka ga nasu guntun. Saboda haka kafin mutum ya tura wa wani, ko ya ɗauki zancen zuwa kasuwa, ya kamata ya nemi hirar dukanta, ya duba tambayar da aka yi, kana ya duba ko an amsa ta ko kewaya ta aka yi.

Allah ya zaunar da kowa lafiya. Wassalam.