Kada ka sa hannu da gaggawa: jawabi kan kwantara da wa'adin barin aiki

Na gode da kunka zo duk da wannan zahin rana na Tawa.

Ni ɗan Tebaram ne. Kamar yawancinmu ƴan Adar, da damina ta wuce sai na shigo birni biɗa. Na samu aiki a wani shago, ana biyana wata-wata, na yi shekara biyu babu wanda ya taɓa jin kanmu. Wata rana da la'asar sai maigida ya miƙo mini takarda, ya ce: «Sa hannu nan, gyara ne kawai.» Na sa. Sai ƙarshen wata na gane abin da na yi: an rage albashina, an ƙara mini awoyi, kuma an rubuta cewa in zan tahi sai na ba da sanarwar wata ukku, shi ko yana iya sallamata ranar da ya ga dama. Wallahi ban karanta ba. Kunya ta hana ni tambaya.

To, abin da ban sani ba wancan lokaci shi na kawo muku yau.

Nijar tana da kundin dokar aiki, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Akwai kuma yarjejeniyar gama-gari tsakanin masu ba da aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ta samo asali tun 1972. Ko baka kunka yi magana, babu takarda, aikin da kake yi kwantara ne a idon doka, kuma ana iya kawo shaida a kai.

Maganar wa'adin sanarwa, wanda ƴan boko ke ce ma préavis, tana hawa kan kowa, maigida da yaron aiki. Wanda ake biya kan awa, yini ko mako, kwana 8 ne. Wanda ake biya wata-wata, wata 1. Manyan ma'aikata, wata 3. Wanda duk ya tsallake wa'adin sai ya biya ɗan uwansa diyya daidai da albashin kwanakin. Babban laihi ne kaɗai ke ɗauke wannan, shi ma alƙali na iya dubawa in da gaske laihin babba ne.

Sai maganar sake sharaɗi. Albashi da irin aikin da anka ɗauke ka dominsa su ne ginshiƙin kwantara. Maigida na iya kawo shawarar canji, kai kuma kana da damar cewa a'a. In ka ƙi, shi kuma ya nace har aiki ya ƙare, ana ɗaukar shi ya sallame ka, sai ya biya haƙƙoƙinka. Shi ya sa wasu ke matsa maka ka rubuta takardar murabus da hannunka. Da ka rubuta, ka yahe kuɗin sallama.

Na san abin da wani zai ce: aiki wuya gare shi, in na yi magana gobe a ɗauki wani. Gaskiya ne. Amma ku tuna, mafi ƙanƙantar albashi jika 42 ne, kuma da yawa cikinmu ba su kai nan ba saboda kowa na yin shiru shi kaɗai.

Ga roƙona. In an ba ka takarda, ka ce za ka tahi da ita gida, ka samu wanda ya iya Faransanci ya karanta maka. Ka ɗauki hotonta da waya. Ka adana takardar albashi da saƙonnin WhatsApp, ka bincika ko an yi maka rajista a CNSS. In rigima ta taso, ofishin sufeton aiki na nan Tawa, a can ake fara sulhu kafin kotu. Ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN ma na da mutane. Ranar tahiya kuma ka karɓi takardar shaidar aiki.

Kai ma in za ka bar aiki, ka ba da sanarwa a rubuce, kada ka ɓace dare ɗaya don motar Agadas ta cika.

Ni na yi asarar albashin watanni kafin in koya. Allah ya sa ku koya kyauta.