Yadda A Ke Gane Kwanakin Kwikwiyo

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu, waɗanda a kan ɗora wa aikin ƙidayar karnuka kafin zuwan ma'aikatan allurar ciwon haukan kare. Ciwon nan, in ya riga ya bayyana a jikin mutum, da ƙyar a ke tsira. Kusan dukan waɗanda su ke kamuwa da shi, cizon kare ne sanadinsu, yara kuwa su ne su ka fi wasa da kwiyakwiyi. Tun 1885 Bafaranshen nan Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurarsa, a ƙasar nan kuma a na haɗa ta karnuka a Vom, kusa da Jos.

Bisa ƙa'ida, a na yi wa kwikwiyo allura in ya cika wata 3. A lokacin allurar gama-gari likitan dabbobi ya kan yi har wa ƙanana, amma lalle a sake musu daga baya. Don haka tilas malami ya rubuta kwanakin kowane ɗaya. To, mafarauci ko mai gadi bai cika riƙe ranar da karyarsa ta haihu ba, sai ya ce, "Wajen kaka ne." Girman jiki kuma ba shaida ba ne, gama yunwa da tsutsar ciki su kan tsumburar da ɗan wata huɗu har a zaci ɗan wata biyu ne.

Kwikwiyo a na haihuwarsa ido da kunne a rufe, bakinsa dasashi zalla. Cibiya ta kan faɗi cikin kamar kwana 3, ido ya buɗe tsakanin kwana 10 da 14. Wajen mako 3 ya ke fara takawa, ya na tangaɗi.

Daga nan sai a koma ga baki, nan ne hujja ta ke. Haƙoran farko su kan fara tsirowa tsakanin mako 3 da 4, su cika 28 tsakanin mako 6 da 8. Ƙanana ne, farare fat, masu tsini kamar ƙaya, kuma yayin da muƙamuƙi ya ke faɗi sai tazara ta bayyana tsakaninsu. Famfara ta kan soma daga haƙoran gaba, tsakanin wata 3 da 4. Saboda haka in malami ya ga giɓi a gaba, ko sabon haƙori mai faɗi kusa da ƙanana, ya rubuta cewa kwikwiyon ya isa allura, ko da mai shi ya yi gardama. Manyan fiƙoƙi su kan fito wajen wata 5 zuwa 6, wani lokaci tsohuwar fiƙa ba ta faɗi ba tukuna, sai a ga biyu jere. A wata 7 haƙora sun cika 42.

Wanda ya ke ƙyamar taɓa kare ba dole ne ya sa hannu ba. Mai karen shi zai ɗaga leɓen, malami ya duba daga tsaye, da rana, nesa da uwar, don karya mai shayarwa ba ta da haƙuri. Kwikwiyon da a ka tsinta, ko wanda ya ke dalalar da miyau, kada a buɗe bakinsa sam, a kai labarinsa ga likitan dabbobi. In kuwa an ciji wani, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar.