KAFIN KA TARE, DUBA GIDA TUN YANA WOFI

Jawabi ga manoma da makiyaya, maza da mata, na cibiyoyin yaƙi da jahilci

Ku matso, ku kasa kunne. Maganar yau ta shafi kowa.

Kowace shekara, in an gama aikin gona, mutane suna sake mazauni. Wani ya yi aure, zai fita gidan uba. Wani ya gina sabuwar shigifa. Wani ya sayi gida, wani kuma ya samu aro ko haya. Duka suna ɗokin tarewa. Ana kwasar kaya, ana guɗa, ana barka. Amma mutum nawa ne ke tsayawa su duba gidan da kyau kafin su kai iyalinsu ciki?

Gida, tun yana wofi ake duba shi. In an kafa gado, an yi jere, an jingina buhunnan hatsi, ba wanda zai ƙara ganin bango. Gyaran kwana biyu sai ya koma na wata guda, ko kuwa a ƙyale shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku tuna da damanar 2024. Ruwa ya yi ɓarna ko'ina cikin ƙasarmu Nijar. Mutum fiye da 300 suka rasu. Da yawa daga cikinsu ba ruwa ya tafi da su ba, ɗaki ne ya faɗa musu. A Damagaram, cikin watan Satumba, tsohon masallacin Birni ya rushe, ginin ƙasa wanda ya fi shekara 150 a tsaye. To, in ruwa ya iya kada wannan, ina ga ɗakinka da nawa?

1. WURIN DA GIDA YAKE

Abu na farko, duba ƙasa kafin ka duba gini. Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa.

Mutanen Maradi sun san wannan. Da can garin yana cikin fadama, bakin gulbi. A shekarar 1945 gulbi ya cika, ya ci garin. Dole aka tashi, aka koma bisa tudu. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ko ya yi shekara 10 bai biyo ba, wata rana zai dawo.

Saboda haka ka tambayi tsofaffin unguwa: ina ruwa ke bi in an yi mamako? Ina yake kwanciya? Ka zagaya gidan da ƙafarka. In ka ga zanen ruwa jikin bango, ko gansakuka, ko ƙasa mai tsagewa da rani, to ruwa yana zama nan. In akwai ƙorama kusa, ko kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini dab da bango, ka yi hattara.

Ga gwaji mai sauƙi. Ɗebo ruwa bokiti uku ko huɗu, ka zuba tsakar gida. Tsaya ka ga inda ya nufa. In ya nufi rariya ya fita waje, madalla. In ya nufi ƙofar ɗaki ko gindin bango, sai a yi ciko, a gyara gangare. A fasa rariya in ta toshe. Kada kuma ka tura ruwanka gindin bangon maƙwabci. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu da ɗani guda ko fiye, a kuma ɗaga dokin ƙofa.

2. BANGO

Bango daga gindi yake mutuwa. Durƙusa ka duba ƙasa-ƙasa, ciki da waje. In gindin ya zaizaye, ko yana zubo gari in ka shafa, danshi ya shige shi. A cike shi da ƙasa mai kyau, a yi masa dakali mai gangare don ruwa ya yi nesa da shi.

Ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa bango wuri-wuri. Inda ya yi amo kamar ganga, yaɓe ya rabu da gini. Ku lura da bangon ƙasa da aka shafe da siminti. Yana da kyau ga ido, amma in simintin ya tsage, ruwa yana shiga baya yana cin ƙasa, ba wanda ya sani.

Tsaga iri biyu ce. Akwai ƴar siririya wadda ta tsaya ga yaɓe. Wannan sabon yaɓe ya ishe ta. Akwai kuma wadda ta ratsa bango, ana ganinta ciki da waje, galibi a kusurwa ko bisa ƙofa. Wannan ita ce abin tsoro. Ka liƙe ta da laka, ka dawo bayan sati biyu. In ta sake buɗewa, bango yana motsi. Kada kowa ya kwana ciki sai magini ya gani.

Ka ɗaure dutse ga igiya, ka sako shi daga saman bango. Igiya ba ta ƙarya. In bango ya karkace, tokara shi da icce ba gyara ba ne. A rushe wannan gefen a sake shi. Asarar tubali ta fi asarar rai sauƙi.

3. RUFI

Shiga ɗaki da rana tsaka, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo. Duba ko akwai tabon yoyo jikin itace da saman bango.

Ɗauki wuƙa ka soki itacen rufi ɗaya bayan ɗaya, musamman inda kansu ya shiga bango. In wuƙa ta nutse, gara ta cinye cikin, saura ɓawo. Wanda ya lanƙwashe ko ya tsage, a canza shi. Azarar giginya tana daɗewa, gara ba ta cika cinta ba, amma ita ma a duba ta. In ka ga hanyar gara ta hau bango, bi ta har inda ta fito.

In itace na da ƙarfi, hau bisa soro. Nemi wurin da ya lotsa, domin nan ruwa ke kwanciya. Wasu kowace shekara suna ƙara ƙasa bisa rufi, ba su kankare tsohuwa. Nauyi yana ƙaruwa. Ran da ƙasar ta sha ruwa, itace sai ya kasa. A rage tsohuwa kafin a zuba sabuwa.

Indararo ya zama mai tsawo, ya zubar da ruwa nesa da bango. A cire ciyawa da sheƙar tsuntsu daga cikinsa. A ajiye duwatsu inda ruwan ke sauka, don kada ya haƙa rami.

In rufin kwano ne, duba ƙusoshi, ka tabbata an ɗaure katako ga bango da waya. Iskar farkon damana ba ta wasa. In jinka ce, a sake baibaya tun da rani.

4. BAƘIN DA SUKA RIGA KA SHIGA

Ɗakin da ya daɗe a rufe ba ya rasa masu shi: kunama, kusu, kyankyaso, jemage, kuɗin cizo, wani lokaci har maciji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka shiga da takalmi da fitila. Kada ka sa hannu cikin rami, sa sanda. Kada a tura yara su fara shara. A buɗe ƙofa da taga, iska da rana su shiga kwana biyu ko uku. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a rufe hanci da ƙyalle, musamman inda akwai kashin jemage ko na kusu. A toshe kowane rami, a sake daɓe, a shafa farar ƙasa. Farin bango yana ƙara haske, ƙwaro kuma ba ya ɓuya jikinsa.

Kayanka na tsohon gida ma suna iya kai ƙwari sabon gida. Gado, tabarma, katifa da barguna, a shanya su rana mai zafi, a kakkaɓe. A zuba tafasasshen ruwa cikin gaɓoɓin gadon icce.

Ga gargaɗi babba. Kada ku fesa maganin gona cikin ɗakin kwana. Ƙwayar nan da ake sa wa wake cikin buhu, iskarta guba ce, tana kashe mutum. Ba a ajiye ta, ko buhun da aka sa mata, inda ake kwana.

Sabon gini kuma a bar shi ya bushe sarai. Kada a hura gawayi a rufe ƙofa a kwanta, wai don ɗaki ya bushe ko don sanyi. Iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

5. SALGA, RUWA DA MADAFA

Gidan da ba shi da salga bai ƙare ba. A gina ta kafin a tare. Tsakaninta da rijiya a bar metir 30 ko fiye, wato kamar taki 40 na babban mutum. Salga ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. In ba haka ba, ƙazanta tana bin ƙasa ta shiga ruwan sha, ta kawo zawo da kwalara. A yi wa bakin salga marufi saboda ƙuda. A ajiye buta da sabulu kusa. In babu sabulu, a wanke hannu da toka.

In tsohon gida ne, tambayi inda tsohuwar salga da tsohuwar rijiya suke. Sau da yawa an rufe su da itace da ƙasa kawai. Itace yana ruɓewa, yaro ya taka ya rufta. A cike su sarai. Rijiyar da ake sha, a ɗaga bakinta, a sa mata marufi.

Madafa ta yi nesa da rumbu, da danga, da tarin kara. A bar wa hayaƙi mafita, domin yana ɓata ido da ƙirjin mata da jarirai. Turken dabbobi ya yi nesa da ɗakin kwana da randar ruwa.

A kwashe fasassun tukwane, gwangwanaye da tsofaffin tayoyi. Cikin ruwan da suke tarawa sauro ke haihuwa. A buga ƙusar sange tun kafin daren farko. In sabon sange ne mai magani, a shanya shi cikin inuwa kwana guda kafin a kwana ciki. Masassarar cizon sauro ta fi tsanani ga yara ƙanana da mata masu ciki.

Maigida, kada ka tafi duba gida kai kaɗai. Tafi da uwargida. Ita ce ke wuni ciki, za ta ga abin da ba ka gani ba. Iyayen amarya, ku ma ku duba ɗaki kafin ku yi jere.

6. TAKARDA DA MAƘWABTA

In saye ka yi, ko kyauta aka ba ka, ko aro, a rubuta. A tafi gaban maigari da shaidu. A garuruwa da yawa akwai kwamitin kula da filaye, wanda maigari ke shugabanta. A nuna iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, maƙwabta suna tsaye. In gidan gado ne, ka tabbata magada duka sun yarda. In haya ce, a faɗi kuɗin wata, a faɗi wanda gyara ke kansa.

Nan karatunku zai yi muku rana. Ka karanta da idonka kafin ka sa hannu. In da faransanci aka rubuta, nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka. Ka adana takarda inda ruwa da gara ba su kai.

Ka gaida maƙwabta tun kafin ka kawo kaya. Ran da gobara ta tashi ko ruwa ya shigo da dare, su ne za su fara zuwa.

ƘARSHEN MAGANA

Lokacin gani shi ne damana, bayan an ɗauke ruwa. Lokacin gyara shi ne rani. Wanda aikin ya yi wa yawa, ya kira gayya. Samarin gari, ku taimaki tsofaffi da matan da ba su da mai yi musu.

Bayan an tare ma, ido ya zauna buɗe. In ana ruwa da dare ka ji itace na ƙara, ko ka ga ƙasa na zubowa, ko sabuwar tsaga ta fito, fitar da iyali nan take. Kada ka tsaya kwasar kaya.

Ku kai wannan magana ga waɗanda ba su zo ba. Allah ya sa mu shiga gidajenmu lafiya, mu zauna lafiya.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Ina ruwa ke kwanciya cikin garinku da damana?
2. Yaya ake gane tsaga mai haɗari?
3. Metir nawa ya kamata a bari tsakanin salga da rijiya?
4. Ɗakin wa ke bukatar gayya kafin damana mai zuwa?