Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Jirgin Yaran Nan Yake Cijewa?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani malamin makarantar firamare. Ya ce an ba makarantarsu kyautar akwatin 'yan bulullukan roban nan na wasan yara da ake kira Lego, har da 'yan silindoji da bawul da tiyo a ciki. 'Yan aji shida sun harhaɗa kan jirgin ƙasa wanda iska za ta tura, suna so su nuna wa iyaye ranar ba da hutu. Amma da an buga iska sai ƙafa ta yi rabin juyi ta cije. Hedimasta kuwa ya ce in abin ya ƙi, a mayar cikin akwati a kulle. Malam yana tambaya, shin iska tana iya jan jirgi kuwa, ko ɓata lokaci suke yi?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Amsa a taƙaice ita ce tana iyawa, har ma ta ja na ƙarfe. Lokacin da ake haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard a ƙasar Suwizalan, mai tsawon kilomita 15, wanda aka buɗe a 1882, an yi aiki da kawunan jirage masu tafiya da matsattsiyar iska, don hayaƙin kwal yana iya shaƙe ma'aikata a cikin rami. A birnin Nantes na Faransa ma, a 1879 aka fara ɗaukar fasinja da taragai masu tafiya da iska. Shi kuma kamfanin Lego na ƙasar Denmak, a 1984 ya fara fitar da kayan iskan nan. Daga 1989 ya koma yin silinda mai baki biyu, wadda iska ke tura fistan gaba ta kuma dawo da shi. Saboda haka Malam ka fara dubawa, in silindarku mai baki biyu ce, to kuna kan hanya.

Yanzu sai maganar cijewa. Ka taɓa lura da tela a kan keken ɗinki? Wani lokaci yakan taka, keken ya ƙi motsi, sai ya sa hannu ya ɗan juya ƙafar. Dalili shi ne sandar da ke juya ƙafar ta miƙe sak, ƙarfin takawa bai san gefen da zai bi ba. Haka jirgin yaranku yake. Duk sa'ad da fistan ya kai ƙarshen tafiyarsa, gaba ko baya, sanda takan miƙe, ko nawa ka ƙara iska ba za ta juya ba.

Maƙeran jirgin tururi, irin wanda ya fara isa Kano a 1911, sun daɗe da gano maganin wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka sa silinda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Amma a nan ne gizo ke saƙa. Kada yara su kwaikwayi fedar keke, wato ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin in aka yi haka duka biyun za su miƙe lokaci guda. A raba su da rubu'in juyi kawai. In maƙalin sandar dama yana kallon ƙarfe goma sha biyu a fuskar agogo, na hagu ya kalli ƙarfe uku. Ka ga ke nan in ɗaya ta gaji, 'yar uwarta tana tsakiyar ƙarfinta.

Abu na biyu shi ne bawul, mai sauya wa iska hanya. Jirgin ne zai riƙa sauya shi da kansa, ba hannun yaro ba, kuma daidai lokacin da fistan ya kai ƙarshe. Dabara mai sauƙi ita ce a bar motsin silindar dama ya kaɗa bawul ɗin hagu, na hagu ya kaɗa na dama. Kafin a sa iska, a juya ƙafa da hannu sannu a hankali, ana kallon lokacin da kowane bawul ke sauyawa. Bayan an sa iska, in aka ga jirgin yana kakkarwa wuri ɗaya, to silindojin suna faɗa da juna ne, sai a musanya tiyo biyun silinda guda. In kuwa baya yake yi, a musanya na duka biyun.

Sauran magana iskar kanta. Ɗan famfon cikin akwati ba ya wadatarwa, sai an yi tanki. Gorar roba ta lemo mai gas takan yi, a cika ta da famfon keke. Amma don Allah Malam, ban da kwalba, ban da gorar da ta lotse ko ta tsage, ban da injin mai faci, kuma kai da kanka za ka buga, kaɗan-kaɗan. A nemi inda iska ke zurarewa da ruwan sabulu, yadda mai faci ke neman huji. In za a shafa mai, a sa giris na silikon, domin baƙin mai yana lalata roba. In ƙafafu suna sulɓi a kan dogo, a ɗora ɗan nauyi a kansu.

Shi kuma Hedimasta, Allah ya ja zamaninsa, muna roƙon arziki ya ƙara wa yaran nan mako biyu. Yaron da ya gane abin da ya sa jirginsa ya cije, ya riga ya fahimci fistan da bawul da kusurwa mai digiri 90, tun kafin a rubuta masa su a allo.

Malam, muna jiran wasiƙarka mu ji yadda aka kwashe ranar hutu. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.