Littafin 'Yanmata Da Ya Ƙi Tsufa

Jawabin da wata tsohuwar ɗaliba ta gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama, alhali ga waɗanda suka fi ni sani da shekaru a zaune. An buƙace ni da in yi magana a kan karatu da 'ya'ya mata. To, maimakon in yi ta kewaye-kewaye, sai na ga ya fi kyau in ɗauki littafi guda ɗaya mu duba shi tare. Littafin kuwa shi ne Little Women, wato Ƙananan Mata, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Louisa May Alcott ta rubuta.

An buga kashi na farko na littafin a birnin Boston a shekarar 1868, kashi na biyu kuma a 1869. Yau fiye da shekara 150 ke nan, amma ba a taɓa daina buga shi ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa labarin waɗansu 'yanmata huɗu na wani ƙaramin gari a Amurka ya daɗe haka, bayan an manta da tarin littattafan da suka fito tare da shi?

Ga waɗanda ba su karanta ba, ko kuma suka manta, ga labarin a taƙaice. 'Yanmatan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne: Meg mai shekara 16, Jo mai 15, Beth mai 13, sai autarsu Amy mai 12. Lokacin yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. Mahaifinsu ya tafi bakin daga a matsayin malamin addini na sojoji, ya bar uwarsu da riƙon gida cikin rashi. Meg tana koyar da 'ya'yan masu kuɗi, Jo tana yi wa wata tsohuwar gwaggonsu mai faɗa hidima, Beth tana aikin gida, Amy tana zuwa makaranta. Babu sarauniya a ciki, babu aljani, babu dukiyar da aka tono. Wanki ne da girki da ɗinki, da faɗa da shiryawa, da rigar da ta ƙone aka rasa kuɗin sayen wata.

A ganina a nan sirrin yake. Yawancin littattafan da ake rubuta wa yara mata a wancan zamani wa'azi ne tsantsa, yarinyar da ke ciki ba ta fushi, ba ta kwaɗayi, ba ta kuskure. Ita kuwa Alcott sai ta kawo 'yanmata irin waɗanda muka sani a gidajenmu. Meg tana sha'awar kayan ado na ƙawayenta masu hali. Amy tana da iyayi da son a san da ita. Jo kuwa ga zafin rai, ga baki, ga ƙin zaman ɗaki, burinta kawai ta zama marubuciya.

Ku dubi wannan wuri. Jo ta hana Amy bin su kallon wasan kwaikwayo, sai Amy ta ɗauki littafin da Jo ta daɗe tana rubutawa da hannu ta jefa a wuta. Jo ta rantse ba za ta yafe ba. Ba a jima ba suka je wasan zamiya a kan kogin da ya daskare don sanyi. Jo ta ji an ce tsakiyar ƙanƙarar ba ta da ƙarfi, amma fushi ya hana ta gaya wa ƙanwarta. Ƙanƙara ta fashe, Amy ta faɗa ruwa, da ƙyar aka ceto ta. Da Jo ta zo wa uwarsu da kuka, uwar ba ta rufe ta da faɗa ba. Sai ta bayyana mata cewa ita ma kusan kullum tana jin irin wannan fushi, shekaru ta yi tana koyon danne shi. Iyaye mata da ke nan, mu nawa ne muka taɓa zaunar da 'yarmu muka gaya mata rauninmu don ta samu ƙarfin gyara nata?

Wani wurin kuma, an aiko da waya cewa mahaifinsu yana kwance rai a hannun Allah a wani asibiti a Washington. Ana neman kuɗin da uwar za ta yi tafiya. Jo ta fita ba ta gaya wa kowa ba, ta sayar da dogon gashinta a kan dala 25, ta kawo kuɗin ta ajiye. A gaban mutane ta nuna ko a jikinta, da dare kuwa aka ji tana kukan gashinta a ɓoye. Duk wadda ta taɓa sayar da ɗan kunnenta ko zanenta don a biya kuɗin makarantar ƙane ko na asibitin uwa, ta san wannan kuka, ba sai an fassara mata ba.

Marubuciyar ba ƙago wannan rayuwa ta yi ba. An haife ta a 1832, ita ce ta biyu cikin mata huɗu, kamar Jo. Mahaifinta Bronson Alcott malami ne mai zurfin tunani, amma ba ya iya ciyar da gida, iyalin kullum cikin bashi da ƙaura. Louisa ta yi ɗinki, ta yi koyarwa, ta yi aikatau. A 1862 ta tafi aikin jinyar sojoji, inda ta kamu da zazzaɓin taifot, ba ta ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ta riƙa rubuta labaran ban tsoro da sunan aro tana sayar wa jaridu don a ci abinci. Ƙanwarta Elizabeth ta rasu a 1858 tana da shekara 22, ita ce ta zama Beth, wadda mutuwarta a kashi na biyu take sa masu karatu hawaye har gobe.

Da editan kamfanin Roberts Brothers, Thomas Niles, ya nemi ta rubuta littafin 'yanmata, ba da son ranta ta karɓa ba. Cikin kamar mako goma ta gama. Sai ta yi wata dabara da ya kamata kowace mace mai sana'a ta lura da ita: ba ta sayar da littafin gaba ɗaya ta karɓi kuɗi sau ɗaya ba, ta riƙe haƙƙin mallakarsa, ana ba ta kaso daga kowane kwafi. Kwafi 2,000 na bugun farko suka ƙare nan da nan. Da wannan kuɗi ta biya basukan gidansu, ta riƙe iyayenta, daga baya kuma ta goyi 'yar ƙanwarta May bayan rasuwar uwar a 1879. Ita kanta ba ta yi aure ba har ta rasu a 1888, kwana biyu bayan mahaifinta.

Maganar aure ita ce ta fi jawo gardama. Bayan fitowar kashi na farko 'yanmata suka yi ta rubuto wasiƙu, kowa so take Jo ta auri Laurie, saurayin maƙwabta, kyakkyawa kuma magajin dukiya. Alcott ta ƙi. Ta sa Jo ta ce masa a'a, saboda halinsu bai dace ba. Daga baya Jo ta auri wani malami Bajamushe, Farfesa Bhaer, talaka wanda ya girme ta, suka buɗe makaranta tare. Har yau waɗansu na ganin an cuci Jo, waɗansu kuma na cewa bai kamata a aurar da ita ba sam. Akwai ma masu sukar littafin da cewa nasiharsa ta yi yawa, kuma ya ƙare da mayar da 'yanmatan cikin gida. Sukar tana da tushe. Amma littafin da aka shekara 150 ana musu a kansa, ai bai mutu ba.

Tasirinsa kuwa ya wuce Amurka. Shahararriyar marubuciyar Faransa Simone de Beauvoir ta faɗa a littafin tarihin ƙuruciyarta na 1958 cewa ta ga kanta a jikin Jo. A littafin Elena Ferrante na ƙasar Italiya, My Brilliant Friend, wanda ya fito a 2011, waɗansu yara mata biyu 'ya'yan talakawa a birnin Naples sun sayi Little Women suka yi ta karantawa har ya yage, daga nan suka ƙudura zama marubuta. Geraldine Brooks ta ɗauki uban 'yanmatan ta rubuta masa nasa littafin, March, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2006. An mayar da labarin fim a 1933 da 1949 da 1994 da 2019, Japanawa sun yi zanen katun ɗinsa a 1987, 'yan Koriya ta Kudu kuma suka yi wasan talabijin a kan tsarinsa a 2022. Kowane zamani ya zo sai ya sake ba da labarin da bakinsa.

Abin da duk waɗannan suka samu a ciki abu ɗaya ne. Littafin ya ɗauki rayuwar yarinya da muhimmanci. Ya nuna cewa fushinta da burinta da wahalar da take sha a gida abubuwa ne da suka isa a rubuta, kuma hanya ba ɗaya ba ce. Meg ta zaɓi aure da reno, ba a raina ta ba. Amy ta bi zane. Jo ta bi alƙalami. Uwarsu ba ta tura su duka cikin ƙwarya ɗaya ba, kowace ta tarbiyyantar da ita daidai da halinta.

Yayyena da ƙannena, yawancinmu yanzu iyaye ne, wasu malamai, wasu shugabanni a wuraren aiki. Da wuya a samu gidan da babu Jo a cikinsa: yarinyar nan mai yawan tambaya, mai rubuce-rubuce a bayan littafin lissafi, wadda ake kira mai taurin kai. Abin da za ta zama ya danganta da abin da muka yi da ita. Idan duk lokacin da ta ɗauki littafi sai an tashe ta aike, ɗan'uwanta kuwa yana zaune, to mun ƙona rubutunta kamar yadda Amy ta yi, sai dai mu ba da wuta ba. Mu ba ta littafi, mu ba ta lokacin karanta shi, mu kuma saurari abin da ta fahimta.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ga malamanmu, musamman waɗanda suka jure wa surutunmu da rashin jinmu, suka ga abin kirki a jikinmu tun ba mu gan shi ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Allah Ya bar zumunci.