A Duba Takardar Diyya Kafin a Ba Da Kwangila



Na yi farin ciki da aka ba ni dama in yi magana a nan Kontagora a kan wani abu da akan tsallake in an zo ba da kwangila. Kowa yana son hanya mai kwalta, da kwalbati, da ajujuwan makaranta. To, amma leburan da ke hawa tsani da kwanon kankare a ka, in ya faɗo ya karye, wa zai ci da iyalinsa?

Doka ta riga ta ba da amsa. A shekarar 2010 aka kafa Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke tsohuwar dokar 1987. Ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Kuɗin nan daga aljihunsa zai fito, an hana a cire ko kwabo daga ladan ma'aikaci. Kuma dokar ba ta ware leburan da ake sallama kullum da yamma ba, ko yaron da ke koyon aiki.

Wanda ya biya, hukumar takan ba shi takardar shaida, ma'aikatun Tarayya kuwa sukan nemi ganinta kafin a shiga takarar kwangila. Amma fa jama'a, ganin takarda ba shi ne bincike ba. Wani zai kawo ta bara. Wani ya biya wa mutum biyar da ke ofishinsa, alhali kuwa hamsin ne ke haƙa rami a bakin hanya. Wani kuma ya karɓi aiki ya sayar wa ƙaramin ɗan kwangila wanda bai taɓa jin sunan asusun ba. Saboda haka kafin a biya kuɗin kafin alƙalami, a duba shekarar da ke jikin takardar, a rubuta wa hukumar ta tabbatar da ita, sa'an nan injiniya ya je wurin aiki da kansa ya ƙidaya mutane, ya gwada da sunayen da aka ba shi.

Kada wani ya ce wannan ruwan ɗan kwangila ne shi kaɗai. Dokar ta ɗora nauyin kuɗin a kan wanda ya ba da aikin da wanda ya karɓa baki ɗaya, ta kuma yarda mai ba da aiki ya riƙe wannan kaso daga kuɗin kwangilar.

Ku kuma birkiloli, kafintoci da leburori, in tsautsayi ya auku, ku sanar da maigidanku cikin kwana 14. Shi kuma kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukumar, takardar neman diyya kuwa a miƙa ta kafin shekara guda ta cika.